Kafin ka sayi BCM: yadda ake tabbatar da laifinsa da yadda ake canza shi

Idan mota ta fara yin abin da ba a sa ta ba, waifa ta tashi da kanta ana tsakiyar rana, ƙofofi su kulle su buɗe, fitilar ciki ta ƙi mutuwa, ko hon ya ɗauki kuka cikin dare, kafin ka gama bayani a Sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, wani zai ce maka BCM ne. Wani lokaci ya yi gaskiya. Amma a abin da na gani a aikin wayar mota a Jidda, akwatunan BCM da ake cirewa a jefar da yawansu lafiyarsu ƙalau, batir ne ko waya ko datti a soket ya jawo musu sharri. Shi ya sa mafi yawan wannan jagora a kan bincike yake. Cirewar kanta aikin noti biyu ne ko uku.

BCM ƙaramar kwamfuta ce da ke kula da wutar jikin mota: fitilu, sigina, waifa, gilasan ƙofa, makullan ƙofa, hon, ƙararrawar ɓarayi, a motoci da dama har da tantance makulli kafin inji ya tashi. Ba shi ne kwamfutar inji ba, kodayake suna magana da juna ta wayoyi biyu da aka murɗa tare, waɗanda ake kira CAN. Sunansa yana canzawa daga kamfani zuwa kamfani, kuma sanin haka zai rage maka yawo a tashlih, inda ake sayar da kayan motocin da aka farfasa. Toyota na manna shi a jikin akwatin fiyus na ƙarƙashin sitiyari. Honda na ce masa MICU, Peugeot BSI, sababbin Hyundai da Kia kuma IBU. A Tahoe da Yukon da sauran motocin GM sunansa BCM kai tsaye.

Kayan aiki ba su da yawa: mita mai auna wuta, kwan fitila mai wat 21 da aka haɗa wa wayoyi biyu, siraran allurai na taɓa waya ta bayan soket, feshin wanke soket, sikana mai iya shiga dukkan kwamfutocin mota, da zanen wayoyin motar da kake aiki a kai. Ƙaramar sikanar nan mai arha da ake haɗawa da wayar hannu inji kawai take karantawa, ba za ta ga BCM ba. Zanen wayoyi kuwa ba a yi masa wayo. Wanda ya shiga aikin nan babu shi lalube kawai yake yi.

Mataki na farko: tambayi mai mota

Kafin ka taɓa komai, ka zaunar da mai motar. Yaushe abin ya fara? An yi wa motar jan batir daga wata mota? An kai ta wanki an saka mata tiyo a ciki? An ɗaura mata allo, ko na'urar bin diddigi, ko fitilun ado? Ta shiga ruwa? Sau da yawa amsar farko ita ce "Wallahi Mu'allim ban taɓa komai ba." Ka bi shi a hankali. "Alhaji, wannan allon da kamfani ya zo?" Sai ya tuna ai ɗansa ne ya kai aka saka a makon da ya wuce. To ga bakin zaren.

Rubuta duk abin da ya daina aiki da wanda ke aiki. Idan abu ɗaya ne tak, kamar gilashin ƙofa guda, da wuya ya zama BCM. Idan abubuwa huɗu ko biyar ne da ba su da alaƙa da juna sai ta hanyarsa, zargi ya fara ƙarfi, amma har yanzu zargi ne.

Mataki na biyu: batir da caji

Zafin ƙasar nan yana cin batir. Wanda ya kai shekara biyu a Makka ko Jidda ya yi ƙoƙari. Batir mai rauni yana iya tada inji amma ya rikita kwamfutoci, domin lokacin da kake murza makulli wuta tana faɗuwa ƙasa, kowace kwamfuta ta rubuta cewa 'yar'uwarta ta ɓace.

Auna shi mota a kashe bayan ta huta. Cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6. Idan ka ga 12.0 ko ƙasa da haka, ka yi caji ko ka canza kafin ka ci gaba. Sa wani ya tada motar kana kallon mita: kada ta sauka ƙasa da 9.6. Inji na aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7, sai dai wasu sababbin motoci suna rage caji da gangan idan batir ya cika. Abin da ya tsaya sama da 15 yawanci matsalar dinamo ce, kuma irin wannan yana ƙona kwamfutoci. Girgiza kawunan batir da hannu. Idan ɗaya ya juya, ka ɗaure shi, ka kankare farin gishirin da ya taru, sannan ka sake gwada motar. Akwai motocin da a nan aikinsu yake ƙarewa.

Mataki na uku: sikana

Soket ɗin sikana yana ƙarƙashin sitiyari, mai ramuka 16. Ka sa ta karanta dukkan kwamfutoci, ka ɗauki hoton sakamakon kafin ka goge komai. Lambobin da suka fara da B na jikin mota ne, masu U na sadarwa tsakanin kwamfutoci, P na inji da giya, C na birki da ƙafafu. U0140 na nufin wata kwamfuta ta daina jin muryar BCM. Lura da kyau: lambar ba ta ce ya mutu ba. Wanda aka yanke wa wuta ma shiru yake yi.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ko dai sikana ta shiga BCM, ko ta kasa.

Idan sikana ta kasa shiga

Abu uku yake buƙata kafin ya yi magana: wuta, nagatif, da wayoyin sadarwa. BCM yakan sami wuta ta fiyus fiye da ɗaya, wasu a akwatin gaba kusa da inji, wasu a ciki. Duba su duka da mita, ta kan ƙananan ƙarafunan da ke bayan kowane fiyus, domin ido yana ruɗi. Sannan ka je soket ɗinsa ka nemo wayoyin wuta bisa zane.

A nan ne mutane ke faɗawa rami. Mita za ta nuna maka bolt 12 ko da silin waya ɗaya ne ya rage bai tsinke ba, saboda ita ba ta jan wuta. Haɗa kwan fitilar nan tsakanin wayar wuta da wayar nagatif ta soket ɗin. Idan ya haska sosai, hanyoyin biyu suna ɗaukar kaya. Idan ya yi ja-ja ko ya ƙi kamawa, akwai inda wuta ke shaƙewa. Kwan nan na wayoyin wuta ne kaɗai, kada ka kuskura ka taɓa wayar sadarwa ko ta sigina mai rauni da shi.

Nagatif kuwa, nemo inda aka ɗaure wayoyinsa a jikin mota, galibi a bayan robar gefen ƙafar direba ko ta fasinja. Komai na kunne, sa mita tsakanin wannan wurin da kan nagatif na batir. Bai kamata ta wuce bolt 0.1 ba, a yi haƙuri da 0.2. Motar da aka yi wa gyaran jiki da fenti bayan hatsari, sau da yawa za ka tarar an mayar da notin a kan fenti, ko an bar shi sako-sako.

Sai wayoyin CAN. Cire kan nagatif na batir, ka ɗan jira, ka auna tsakanin rami na 6 da na 14 a soket ɗin sikana. Lafiyayyen layi yana ba da om 60, domin akwai 120 a kowane ƙarshe. Idan ka ga 120, layin ya yanke a wani wuri ko kwamfutar da ke riƙe da ƙarshe ɗaya ta fita. Idan ya kusa sifili, wayoyin sun haɗe. Ka mayar da batir ka kunna, rami na 6 zai nuna sama da 2.5 kaɗan, na 14 ƙasa da 2.5 kaɗan. Amma ka sani a sababbin motoci akwai kwamfutar da ke tsaye a tsakani kamar mai gadi, saboda haka abin da ka auna a soket ɗin sikana ba lallai ya zama layin da BCM yake kai ba. Tsofaffin motocin GM ma suna da layin jiki na waya ɗaya a rami na 1. Zane ne zai faɗa maka inda za ka auna.

Wata kwamfuta daban da ta lalace tana iya toshe layin gaba ɗaya, kowa ya yi shiru. Haka ma na'urar bin diddigi da aka soka a kan layin. Cire su ɗaya bayan ɗaya kana kallon sikana. Wanda ka cire magana ta dawo, shi ne mai laifi.

Idan sikana ta shiga

Wannan ya fi daɗin aiki. Buɗe shafin da ke nuna abin da BCM yake gani a lokacin. Buɗe ƙofa, ka ga ko ya rubuta a buɗe take. Taɓa sandar sigina, sandar waifa, maɓallin kulle ƙofa, kowanne ka duba ko saƙon ya iso. Saƙon da bai iso ba, laifin maɓalli ne ko wayarsa. Wanda kuma yake nan daram ba tare da ka taɓa komai ba, misali ƙofa a rufe amma yana ganin ta a buɗe, shi ne ke sa fitilar ciki ta kwana a kunne da ƙararrawa ta tashi unguwa.

Bayan haka ka umarce shi daga sikana ya kunna abin da ya ƙi aiki. Idan ya kunna, to ɓangaren fitar da wuta lafiya yake. Idan bai kunna ba, taɓa wayar ta bayan soket ka ga ko wuta ta fito. Ta fito amma ba ta isa ba, waya ce ko rila ko abin da kansa. Ba ta fito ba, kada ka yi saurin yanke hukunci. BCM na zamani yana kashe hanya da kansa idan ya ji waya ta haɗu da jikin mota, kuma wasu ba sa sake buɗe ta sai an gyara an goge lambar. A motocin Ford da dama, idan aka yi ta maimaita haka ba a gyara ba, yana rufe hanyar har abada. Saboda haka cire wayar daga soket, ka auna ko tana taɓa jiki.

Wuri ɗaya da nake fara dubawa idan matsalar ta shafi gilashi, madubi ko makullin ƙofa shi ne robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofar direba da jikin mota. Motocin da ke jigila tsakanin Jidda da Makka ana buɗe ƙofarsu ba adadi, ga zafi ya busar da rigar waya. Zame robar baya. Za ka ga rigar ta tsage a daidai inda take lanƙwasawa, jan ƙarfen ya fito, wani ya yi baƙi, wani yana riƙe da sili biyu ko uku. Motsa ƙofar a hankali, makullai za su fara ƙaras-ƙaras da kansu. Ba a ɗaure irin wannan da salatif a mayar. Ana yanke wurin a saka sabuwar waya mai laushi, a sa mahaɗin ya faɗa cikin ƙofa ko cikin jiki, nesa da wurin lanƙwasa.

Masu saka ƙwayayen LED a sigina su ma su sani: sigina mai saurin ƙiftawa ko gargaɗin cewa kwai ya mutu ba lalacewa ba ce. LED ba ya jan wuta kamar kwan asali, shi kuma BCM yana auna abin da ake ja.

Motar da ke shanye batir cikin dare

Kashe komai, buɗe ƙofar direba ka danna harshen makullinta da sukundireba don motar ta ɗauka a rufe take, ka nisanta makulli mai rimot. Sa mita a ma'aunin amfiya 10 tsakanin kan nagatif da wayarsa, kuma kada ka tada inji a haka. Jira minti 30 zuwa 45 kwamfutoci su yi barci. Yawancin motoci suna sauka ƙasa da miliamfiya 50. Idan ta tsaya sama, kada ka fara zare fiyus, domin kowane zarewa da mayarwa yana tada su daga barci. Auna milibolt a kan ƙarafunan bayan kowane fiyus, wanda ya nuna wani abu shi ne wuta ke bi ta cikinsa. In ya zama na BCM ne, tambaya ta gaba ita ce wa ke hana shi barci. Maɓallin but, maɓallin ƙofa, ko allon da aka jona a wayar da ba ta mutuwa sun fi shi kansa yawan laifi.

Duba shi da ido

Sai yanzu za ka cire. Kashe mota, cire nagatif, ka jira aƙalla minti uku saboda jakar iska. Duk soket mai launin rawaya nata ne, ka bar shi. Ɗauki hoton yadda soket-soket suke kafin ka zare, ka ɗaga maƙallin kowanne, kada ka ja ta waya.

Haska tocila cikin ramukan. Kore-kore ko fari-fari a kan ƙafafu alamar ruwa ne. Sansana shi, wanda ya ƙone ba ya ɓoye wari. Mutum zai ce ina ruwa a ƙasar da ba a cika ruwan sama ba, amma bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya mota yana toshewa da ƙura, ruwan ya koma ciki ya jiƙa kafet. Ga masu wanki da tiyo, ga gilashin gaba da aka canza ba a liƙe da kyau ba, ga magudanar rufin da ke buɗewa. Sannan duk wanda ya ga ruwan da aka yi a Jidda a Nuwamban 2009 ko na Nuwamban 2022 ya san motoci nawa suka nutse. Ɗaga kafet ka taɓa soson da ke ƙasa. Idan da danshi, nemo hanyar ruwan ka toshe, in ba haka ba sabon da za ka saka shi ma kwanansa ƙidayayye ne.

Wanne za ka saya

Sabo daga wakala, wato wakilin kamfanin motar, ya fi tsada, ya fi kwanciyar hankali, kuma da lambar shasi mai harafi 17 da ke kan istimara, takardar rajistar mota, ake nemo shi. Na tashlih, irin na Ha'ir ta Riyad, ya fi sauƙi amma da sharaɗi. Lambar da ke kan takardar jikinsa ta yi daidai da taka, ko ta zama wadda kamfani ya maye gurbinta da ita. Kamannin akwati ba hujja ba ne: mota iri ɗaya, shekara ɗaya, mai rufin buɗewa da marar shi suna iya bambanta. Haka motar Khalij, wadda aka ƙera don ƙasashen yankin Gulf, da wadda aka shigo da ita daga Amurka, har rimot ɗinsu sau da yawa ba a zango ɗaya yake ba, na Khalij 433 MHz, na Amurka 315. Ka nemi ganin motar da aka ciro shi, ka duba ƙarƙashin kujeru ko akwai busasshen laka. Ka sa a rubuta maka kwanakin garanti a rasit.

Kafin ka biya, tambayi mai barmaja, wato mai saita kwamfutar mota, ko BCM na hannu yana karɓuwa a irin motarka. A yawancin motocin GM daga wajen 2010 zuwa sama, wanda ya riga ya ɗauki lambar wata mota ba ya yarda da sabuwa ta hanyar da aka saba. A nan ne hanya ta uku take da amfani: masu gyaran allon lantarki suna iya canza abin da ya ƙone a naka, ko su kwafe bayanan naka su zuba a na tashlih, motar ta tashi da makullanta na da. Abin da ban yarda da shi ba shi ne aron na motar aboki don gwaji. A wasu motoci hakan yana iya barin ku da motoci biyu da ba sa tashi.

Sakawa da barmaja

Idan tsohon yana magana ko kaɗan, a karanta saitinsa a adana kafin a cire shi. Ɗauki hoton kilomitar da ke kan dashbod, domin a wasu motoci BCM yana riƙe da ita. Tara duk makullan motar a wuri ɗaya. Wanda aka bari a gida, akwai yiwuwar ba zai ƙara tada ta ba sai an sake zama. Idan wakala za ka je, tafi da istimara da katin shaida.

Batir a cire, saka sabon, ka tura kowane soket har ka ji ya kama, ka ɗaure notinsa, sannan ka mayar da batir. Kada ka rufe robobi tukuna. Lokacin barmaja a jona wa motar na'urar da ke riƙe wuta a wajen 13.5, a kashe fitilu da fanka, kada a buɗe ƙofa, kada a taɓa wayar sikana. Wutar da ta faɗi a tsakiyar aiki tana iya kashe sabon akwati tun bai yi aikin kwana ɗaya ba. Kowane kamfani da manhajarsa, Techstream ga Toyota, GDS ga Hyundai, SPS ga GM, kuma Launch da Autel da ake gani a yawancin shaguna suna yin wani ɓangare na aikin, ba duka ba.

Abin da ke biyo baya ya danganta da mota. Ana rubuta lambar shasi da jerin kayan da motar take da su, a yi wa makullai da rimot rajista. A Nissan, idan ba a yi rajistar makulli ba inji ba zai tashi ba. A GM akwai haɗa BCM da kwamfutar jakar iska, in an manta fitilarta za ta zauna a kunne, akwai kuma koya masa matsayin fedar birki, wanda idan aka tsallake fitilun birki suna iya rikicewa. Wasu motoci suna son a sake gabatar musu da na'urorin iskar taya. Gilashin da ya daina hawa da taɓawa ɗaya, sauke shi ƙasa gaba ɗaya, ka ɗaga shi ka riƙe maɓallin na 'yan daƙiƙu bayan ya rufe, yawanci yana dawowa.

Goge lambobi, kashe motar, sake kunnawa, sake karantawa. Sannan ka bi komai ɗaya bayan ɗaya, har abin da mai motar bai yi kuka da shi ba: manyan fitilu da ƙanana, sigina, fitilun birki da na baya, waifa a kowane gudu, ruwan gilashi, hon, kowace ƙofa daga rimot da daga ciki. Fitilu na cikin abin da ake dubawa a fahas, binciken lafiyar mota na hukuma, gara ka gano a shago. Maimaita awon shan batir, ka tabbata motar tana barci. Sai ka mayar da robobi.

Tsohon akwatin kuma ka rubuta masa lambar mota ka ba mai ita ya ajiye. Idan wani saiti ya ɓace bayan mako guda, ko na tashlih ya ba da matsala aka koma neman wani, daga cikinsa za a ciro bayanan.